Jan Ɗigon Goggo Fatu

Ƙofar Ran, Bauchi
Farkon watan Yuni

Zuwa ga taubashiyata Mas'uda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da matan da kike karɓar haihuwarsu a can saman Mambila. Ya sanyi? Mu nan ruwa ya sauka, kwatar ƙofar shagona ta cika kamar yadda ta saba. Maiɗakina da yara suna gaishe ki. Mahaifiyarki Goggo Fatu ma da sauƙi, jinin ya ɗan sauka, kuma maganarta ce ta sa na ɗauki biro. A takarda nake rubutawa, zan ɗauki hotonta in turo, ki karanta duk ranar da kika sauko Gembu kika sami sabis. Ba maganar da za a yi a waya ba ce ana "kina ji na, kina ji na".

Kin san dai yanzu ba ɗaukar biki kaɗai nake yi ba. Ni da na fara da cajin waya a ƙarƙashin lema, yau fim nake haɗawa, ina kuma koyar da kwamfuta, kuma ba wanda ya kama min hannu. To akwai wasu shafuka a intanet da muke aiki da su. Ka buɗe, ka danna, sai shafin ya cika allo ya zama kamar kwamfutar wani babban ofishi, koren rubutu yana ta zuba. Ba abin da yake yi, kwalliya ce zalla don idon kyamara. Ɗalibaina har tsokanar juna suke yi da wani mai nuna kamar gilashin ya fashe. Akwai kuma wani mai taswira, ba sunan gari ko ɗaya a jikinta. Ka rubuta duk sunan da ka ga dama, sai wani jan ɗigo ya fito yana ƙyaftawa yana tafiya. Shi muka sa a babbar talabijin ɗin shago don wata fitowa da jami'an tsaro ke bin sawun ɓarawon shanu.

Ranar Juma'a da hantsi Goggo ta shigo gari daga Inkil awon jini, ta biyo ta nan ta huta kafin ta sami keke. Ta tarar da mu a tsakiyar aiki. Akwai wani Godspower, mutumin Tafawa Ɓalewa, shi ke fito mana a jami'i, bakinsa ba ya hutawa. Ya ga tana kallon allon sai ya ce, "Mama, wannan inji ko mutum ya shiga rami zai nemo shi. Ka faɗi suna kawai." Kowa ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ke kin fi ni sanin Goggo. Tun da ta haifi Hammawa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Tun da ya bi hanyar Agadez neman aiki wayarsa ta ɗauke, shekarun nan duka, ban taɓa jin ta tambayi labarinsa ba. Sai ta juyo ta dube ni ta ce, "To, sa mana mu gani." Ba ta faɗi suna ba. Ni na ja kibod na rubuta Hammawa.

Kada ki ce min komai tukuna. Mutum goma a shago, ga ta tsaye da takardar asibiti a hannu, me kike so in ce? Ɗigon ya fito. Ta zauna a benci, ta kalle shi har aka fara kiran sallah. Da za ta tafi ta ce, "Ashe yana tafiya." Hafiza, matar Hammawa, ta gaya wa maiɗakina cewa ranar Goggo ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari.

Abin bai fi ƙarfina ba, ban taɓa kunna abin da na kasa kashewa ba. Amma uwarki ce, shi ya sa na ce ki sani. In kin ce in gaya mata, Juma'a mai zuwa zan gaya mata.

Ɗan kawunki, kuma ubangidanki ko kin ƙi,
Nasiruddeen

*

Gembu
Tsakiyar Yuni

Yaya Nasiru,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai mura da ba ta rabuwa da kowa a nan. A gaishe min da mutan gidan. Ubangidan wa? Ɗan namiji da har yanzu yake rubuta "asibiti" kamar kaza ta taka tawada? Sai da na buɗe hoton da yatsa biyu kafin na gane rubutunka.

Na karanta a tsaye a bakin kasuwa, na ji haushinka, har na fara rubuta maka zagi. Sai na ce bari in kira Inna tukuna tun da sabis ya samu. Yaya, dariya ta yi min. Rabona da jin dariyar Inna tun kafin Hamma ya tafi. Ta tambaye ni ko ina da bargo, ta ba ni labarin akuyarta, ta ce man shanu ya yi tsada. Ba ta ce komai a kan shagonka ba, amma da za mu yi sallama ta ce, "Nasiru yaron kirki ne." Na kashe waya na zauna a kan buhun wani mai dankali na yi kuka.

Kada ka gaya mata. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da awonta yake nunawa bara da bana. In aka ɗaga ta sama haka aka sake ta lokaci guda, ban san me zai faru ba, kuma ina nan, tafiyar kwana biyu tsakaninmu. Zan nemi hutu in zo, mu zauna ni da kai mu gaya mata a hankali, da maganinta a kusa. Kai da kanka ka ce abin bai fi ƙarfinka ba. To ka riƙe min shi zuwa lokacin. Me zai rage ka da shi? Tsohuwa ce ke kallon talabijin.

Ka gaya wa Godspower ɗin nan in na zo sai na ɗinke masa baki, da zaren aikina.

Ƙanwarka,
Mas'uda

*

Ƙofar Ran
Ƙarshen Yuli

Mas'uda,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi zazzaɓi ta warke. Ina fatan murar ta sake ki. Ina maganar hutun?

Na riƙe kamar yadda kika ce. Kowace Juma'a tana nan, ko da awo ko babu. Takan zo min da nono a kwano, ta ajiye, ta zauna a bencin nan, ba ta cewa komai sai na kunna. Na daina sa ɗaukar fim ranar Juma'a saboda ita. Wani darakta ya yi fushi ya kai aikinsa wani wuri.

Ga abin da ban hango ba. Shi ɗigon nan hanya ɗaya gare shi, waɗanda suka yi shafin ba su wahalar da kansu ba. Yakan fito daga gefen hagu, ya gangara zuwa wani shuɗin layi, ya ɗan tsaya, ya juya ya koma inda ya fito, ya sake. Na yi zaton in ta ga yana maimaitawa za ta gane da kanta, in huta. Sai ranar nan ta nuna shuɗin layin da baki ta ce, "Wancan ruwa ne?" Na ce kamar haka ne. Ta ce, "Ai na gani. Shayarwa yake kai su. Ya koma kiwo ke nan." Ta yi murmushi ta ce, "Dama gari bai karɓe shi ba. Mai kiwo kuwa ina ya ga wurin cajin waya?"

Kin ji. Ta sama masa sana'a, ta sama masa dalilin shiru, ni ina zaune da kibod a cinya kamar gunki.

Kuma magana ta fita. Wata mata daga Zungur ta zo da sunan ƙanenta a ƴar takarda. Wani dattijo ya zo neman jikansa. Na ce musu injin ya lalace. Ni Nasiruddeen, da ko batir ban taɓa sayar wa mutum na ce sabo ne alhali tsoho ne ba, yau ni ke ƙarya a kan ƙarya a cikin shagon da na gina da hannuna. Dattijon ya ce zai dawo in an gyara.

Amma duk wannan ba shi ne ba. Kin manta da Hafiza, ni ma na manta. Kin san babanta Malam Badruddeen ya kai maganarta gaban alƙali tun tuni a kan a raba auren, tun da miji ba labari, ba ci ba sha. Alƙali ya ɗibar musu wa'adi, kuma wa'adin ya zo ƙarshe, bayan Sallah za a koma. Goggo ba ta taɓa hanawa ba, ita ce ma ta ce yarinya ba za ta tsufa a ɗakin da ba kowa ba. To yanzu ta aika wa Malam Badruddeen cewa a dakata, an ga yaron. Da ya tambayi wa ya gan shi, sai ta ce a tambayi Nasiru.

Ki ba ni amsa da wuri.

Nasiruddeen

*

Ƙofar Ran
Agusta

Mas'uda,

Gaisuwa. Kowa lafiya. Na ga wasiƙata ko buɗe ta ba ki yi ba. Na kira har na gaji, matar nan ta cikin waya ta haddace ni.

Hafiza ta zo shago jiya da yamma, ita kaɗai. Ban taɓa ganin ta a nan ba. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta gaishe ni, na ce ta shigo ta ƙi. Ɗalibai suna ciki, sai na fito.

Ta ce, "Yaya Nasiru, ni ban iya kwamfuta ba. Inna ta ce kai ka gan shi."

Na ce, "Hafiza, abin nan yana da bayani."

Ta ce, "Ni ba bayani na zo nema ba. In da ransa, ba zan tsaya gaban alƙali in ce a raba ni da mai rai ba, ina tsoron Allah. Zan ce wa Baba ya janye, in koma in jira. Na saba. Amma ba injin zan bi ba, kai zan bi. Duk Ƙofar Ran an san ba ka ƙarya. Shi ne?"

Da zagina ta yi da na ji daɗi. Na tsaya ina kallon keken da ke wucewa. Na tuna na yi miki alkawari, na tuna awon jinin Goggo, na kuma san in na gaya wa Hafiza gaskiya, ɗaki ɗaya suke kwana da Goggo, fuskarta kaɗai za ta faɗa. Sai na ce ta ba ni ƴan kwanaki. Ta ce, "To." Ta gyara mayafi ta tafi. Wallahi yarinyar nan ko ɗaga murya ba ta yi ba.

Malam Badruddeen ya aiko cewa ranar Asabar ta sama zai zo shagon da kansa, da Goggo, da Hafiza, ya ga abin da idonsa kafin ya san abin da zai gaya wa alƙali. Kin ce in riƙe miki. Hannuna ya cika, Mas'uda. In na ce shi ne, na rufe yarinyar mutane a ɗaki har sai yadda hali ya yi. In na ce ba shi ba ne, ke kika san abin da kika ce zai sami Goggo. Ke ce mai ilimin, ki faɗa min wanne.

Nasiruddeen

*

Gembu
Agusta

Yaya Nasiru,

Salam. Ina lafiya. Ka yi haƙuri da shiru, ruwa ya cinye gadar da ke tsakaninmu da gari, sai yau na hau babur aka zagaya da ni ta kan dutse. Wasiƙunka biyu suka shigo tare, na karanta su a gurguje, mai babur yana jira. Hutu kuwa sun ce sai wadda za ta canje ni ta iso, ita ma gadar ce ta tsare ta.

Zan faɗa maka gaskiya ko ka ji haushi. Na ga daraktan da ya gudu, na ga batir, na ga "ni Nasiruddeen". Sunanka kake ji. Kana tsoron a ce mai kwamfutan Ƙofar Ran ya yi ƙarya. To ni uwa ɗaya gare ni. Hafiza ƙanwata ce, ina son ta, amma wadda ta yi haƙurin shekaru ba za ta kasa na wata ɗaya ko biyu ba. Ka ce wa Malam Badruddeen injin ya lalace, kamar yadda ka gaya wa matar nan ta Zungur. Alƙali zai iya ɗaga zama. Inna in ta faɗi ba mai ɗaga ta.

Kada ka yi komai sai na zo. Na roƙe ka don zumunci.

Sai abu ɗaya, kada ka yi min dariya. Ka ce taswirar ba sunan gari a jikinta. Amma waɗanda suka yi ta, ai daga wani wuri suka kwafo ta ko? Ba yadda za a yi a ce ko kaɗan tana haɗe da wani abu na gaske? Na san amsar. Kawai dai tun da Inna ta ce min ya koma kiwo, in na rufe ido sai in gan shi da sanda a kafaɗa. Ka duba min dai.

Mas'uda

*

Ƙofar Ran
Farkon Satumba

Mas'uda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan an gyara gadar. Goggo tana nan a kan ƙafarta, na fara da wannan don ki iya karanta sauran a zaune. Maiɗakina ta kai ta awo, jinin ya hau amma sun ce ba na kwanciya ba ne, sun ƙara mata ƙwaya ɗaya.

Wasiƙarki ta shigo ranar Lahadi. Su kuwa Asabar suka zo. Ko da ta riga su ban san ko zan bi ta ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Kin ce sunana nake ji. In sunana nake ji, ai "shi ne" zan ce, in zama mai injin nemo ɓatattu, layi har bakin titi. Ba komai, taubashiya ce ke, kin saba cin fuskata. Tambayarki ta ƙarshe kuwa ban yi dariya ba. Na duba. Ba ta haɗe da komai.

Ga yadda aka yi. Na sallami ɗalibai, na rufe ƙofa rabi. Malam Badruddeen ya zauna a kujerata, Goggo a bencinta, Hafiza a ƙasa kusa da ƙafarta. Malam ya ce, "To Nasiru, nuna mana." Na rubuta Hammawa, ɗigo ya fito ya kama hanyarsa. Malam ya sa tabarau ya matso. Ya ce, "Wannan shi ne yaron?" Goggo ba za ta yi magana a kan ɗan fari a gaban suruki ba, kin sani. Kanta na ƙasa. Hafiza kuwa ni take kallo, ba allon ba.

Na shirya magana tun daga gida, ta bi iska. Na san in na ce ƙarya ne da baki, Goggo za ta ce ina rufa wa Hafiza asiri ne, ta ci gaba da abinta a zuci. Sai na ce, "Goggo, ki gafarce ni, zan sa wani suna." Na goge, na rubuta sunan marigayi babanku, ina faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Abdulhamid. Ni na kama makararsa ta gaba, Malam Badruddeen shi ya yi masa sallah.

Ɗigon ya fito daga gefen hagu. Ya gangara ruwa.

Malam ya yi salati ya cire tabarau. Na ce, "Wasan fim ne, Baba. Ko sunan wa aka sa haka zai yi. Ban ga Hammawa ba, ban san inda yake ba, kuma duk inda ake so in faɗi haka zan faɗa." Ya dube ni ya ce, "Kai kuwa da girmanka." Shi ke nan abin da ya ce min, kuma har yau ina jin sa.

Goggo ba ta faɗi ba, ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta taɓa kafaɗar Hafiza ta ce, "Tashi ki bi babanki." Hafiza ta kama ƙafarta tana kuka, ta ce, "Inna, ni ban ce..." Goggo ta ce, "Na ji. Tashi." Ni ko kallona ba ta yi ba. Na tare mata keke, ta wuce shi ta tari wani.

An koma gaban alƙali, na je na faɗi abin da na faɗa, an raba auren. Hafiza tana gidansu tana idda. Goggo da kanta ta ɗaure mata kwanukanta. Labari kuwa ya zaga unguwa, ɗalibai biyu iyayensu sun cire su, masu shayi suna kirana "Na-ɓatattu". Wannan nawa ne, zan iya da shi.

Abin da ban iya da shi ba shi ne na yau Juma'a. Na ɗauka ta gama da ni har abada, har na sa ɗaukar fim. Da hantsi ina jera fitilu sai ga ta a bakin ƙofa, ba kwanon nono. Ta wuce ta zauna a bencin. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na ce, "Goggo, kin dai ji abin da na ce ranar nan. Ba gaskiya ba ne."

Ta ce, "Na ji. Kurma ce ni? Gidan ne ba kowa. Kunna."

Na ce, "Sunan wa zan sa?"

Ta ce, "Kada ka sa na kowa."

Na sallami ƴan fim, na kunna, ɗigon ya fito ko da ba suna. Tana nan yanzu da nake rubutun nan, hannunta a kan gwiwa, ni ina bayan kanta. An fara tafiya masallaci, ba ta motsa ba, ni kuma ba zan kashe ba sai ta ce. Mas'uda, ko a ƙafa ne ki haye ruwan nan ki zo.

Yayanki,
Nasiruddeen